Yadda Ɗan Abijan Ya Shiga Biki

Har yau in maza sunka zauna bakin tashar Madawa sunka tuno zancen akwatunan wasa, sai ka ji suna cewa Alƙasim ya ci kasuwa ne don ya koyo wayon Abijan. Ni in na ji sai in gyara lulluɓina in wuce. Alƙasim ɗan wana ne, ni ce goggonshi Saude, a bayana ya koyi barci, kuma na san inda wayonshi ya tsaya. Abin da ya faru a gabana ya faru, rabinshi ma da bakina anka yi shi.

Shekara uku ke nan bayan babbar yunwa. Alƙasim ɗan bida ne tun shina saurayi. In an gama girbi shi hau kamiyo zuwa Abijan, shi yi ta turin amalanke a kasuwa, sai hadari ya fara haɗuwa shi dawo, wata shekarar ma ba shi dawowa. Kafaɗarshi ta dama har ta sauka ƙasa da ta hagu. Ɗiyanshi biyu duk ba shi gari anka raɗa musu suna, a bakin direba ya ji sunayensu. Wanga karo da ya dawo gab da damina, ya zo gaishe ni ya ce, "Goggo, na gama da Abijan. Na gaba da Biba za ta haifa, da kunnena zan ji sunanshi." Biba ita ce matarshi. Damina ba ta yi nisa ba kau sai na hango ta tana tofar da miyau bayan rumbu, na ce to, an fara.

Abin da ya dogara da shi ne ya ba ni tsoro. Duk abin da ya tara, bai sayi sa ba, bai sayi gonar albasa ba. Kwalaye ya taho da su, ya kama ɗan butik bakin gudoro, wato hanyar kwalta, ya jera. Cikin kowane kwali akwai wani baƙin akwati da bai hi faifai girma ba, da igiya da ake liƙawa bayan tele, da 'yan sanduna biyu da ake murzawa, waɗanda mata daga baya sunka sa ma suna muciya. Ta sama ake cusa mishi kaset, kowane kaset da wasan da ke cikinshi. Wani tseren mota ne, wani jirgi ne shina harbin duwatsu, wani kaji ne bisa katanga suna sakin ƙwai kai kana tarewa da kwando.

Lissahin da ya yi ba na wawa ba ne. Ya ce mini Madawa akwai kuran, wato wutar lantarki, kuma gidajen ma'aikata da 'yan duwan, wato kwastan, da alhazan albasa duk sun sayi tele. Tele kau lokacin ba ta magana sai an yi magariba, yini guda tana zaune an lulluɓe ta da ƙyalle. Wanga akwati shi zai sa ta aiki da rana. Ya ce in kwalayen sunka ƙare kahin motocin 'yan bida su tashi bayan girbi, ya zauna gida ke nan. In ba su ƙare ba, babu abin da zai ci da iyali har wata damina, dole shi koma ma amalanke.

Ya saida biyu ko uku, sai Isaka ya shigo zancen.

Shagon Isaka shina kallon butik ɗin Alƙasim, gudoro kaɗai ya raba su. Jikan ƙawata ne, don haka mijina ne na wasa tun ba shi da wando. Shi ta Ƙonni shike bi shi shiga Najeriya shi sayo kaya, shekarar nan kau naira ta kama gangara, kowane mako jikkarmu ta sefa tana sayen hiye da abin da ta saya makon jiya. Da ya ga abin da Alƙasim ya jera, sai ya tahi ya dawo da nashi akwatunan, farare. Nan da nan gari ya raba musu suna: na Alƙasim Ɗan Abijan, na Isaka Ɗan Ikko. Wasannin kusan iri ɗaya ne, sai dai kaset ɗin wanga ba shi shiga bakin wancan. Isaka ya fara da kuɗi ƙasa da na Alƙasim, kuma kowace ran kasuwa shi ƙara saukowa.

Wata ran kasuwa na tsaya gaban shagonshi da ƙunshin zannuwa a kaina.

"Amaryata," in ji Isaka, "kin zo ganin yadda mijinki ke cin kasuwa?"

"Na zo ganin mijin da kullum kuɗinshi ke raguwa. Kasuwa mai zuwa kyauta za a ba da kai."

"Ki gaya ma ɗan wanki shi sauko. Mutane ba su da kuɗi, tsohuwa. Abu iri ɗaya, wa zai bar mai arha shi sayi mai tsada?"

"Kai ka ce iri ɗaya ne."

"Ke kin taɓa riƙa muciyar ma?"

"Na riƙa wadda ta hi ta nauyi tun ba a haihi uwarka ba."

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma cikina bai yi ba, don gaskiya ya faɗa. Ina nan tsaye Mushe Jima, diraktan lakkol, wato shugaban makaranta, ya hito daga shagon da farin kwali ya ɗaure bayan mobilet ɗinshi. Ko kallon tsallaken gudoro bai yi ba. Daga nan ciniki ya tsaya ma Alƙasim cak. Da gero ya nuna, Alƙasim ya ruhe butik ya tahi gonarsu ta Azarori yanka, ya bar ma Biba makulli.

Shina can Altine ta haihu. Altine matar Mushe Jima ce, kuma ƙawar Biba ta biki tun suna 'yan mata. Biki kowa ya san shi: ƙawarki ta kawo miki turmin atamfa ran sunan ɗanki, ran nata ki kai biyu. Biba ta same ni ina shan iska ƙofar ɗakina.

"Goggo, Altine ta sauka."

"Na ji tun ba a yanke cibi ba."

"Turmi ta kawo mini ran sunan ƙaramin. Biyu zan kai. Ko dala babu a ɗakina, duk abin da muke da shi shina cikin kwali."

"To ki kai kwali."

Da wasa na faɗa. Sai na ga hannunta ya tahi gehen zanenta inda ta ƙulle makullin. Munka kalli juna, munka tashi. A butik na hana ta ɗaukar akwati guda, don in ta kai shi, ran ramuwa sai Altine ta saida gadonta. Kaset kau kuɗinshi da ke rubuce a allon butik ya yi daidai da turmi biyu. Biba ta zaɓi mai kaji, don hoton ya hi kyau, ta naɗe shi cikin sabon kallabi.

Ni dillaliya ce, gida-gida nike shiga, na san kuɗin kowane kwano da kowane zane a garin nan. Don haka a wurin biki ni ake miƙa ma kaya in ɗaga, in faɗi mai shi, in faɗi darajarshi. Abin da na faɗa shi ke zama a kan mata har ran ramuwa. Ran sunan na ɗaga atamfa, na ɗaga sabulu, na ɗaga kwanoni, sai anka zo kan kallabin Biba. Na kwance na ɗaga. Wata daga baya ta ce, "Wanga sabulun wanki ne ko na wanka?" Anka fara dariya ƙasa-ƙasa, na ga Biba tana shigewa cikin mayahinta. Ni kau ba a kunyata jinina ina tsaye.

Na gyara murya na ce, "Biba matar Alƙasim ta kawo ma ƙawarta kaset na Ɗan Abijan, kuɗin turmi biyu cur. Ba irin wanda ake ragewa kowace kasuwa ba ne. Shi da akwatinshi, tun da sunka sauka garin ga ba a taɓa rage musu ko dala ba, kuma ba za a rage ba, don kayan manya ne."

Wata ta rangaɗa guɗa. Kaset ya bi hannu-hannu, mai tambayar sabulu ma sai da ta shafa shi. Altine ta sa anka aje shi bisa tele inda kowa zai gani.

Alƙasim ya dawo daga Azarori da ƙaiƙayin gero a wuya da shawara a ƙulle. Na tarar da shi tsakar gidanshi da guntun alli a hannu, Biba tana tankaɗe.

"Goggo, gobe kasuwa," ya ce. "Zan raba kuɗin biyu, akwati da kaset duka. In uwar kuɗina ta hito na gode Allah."

Biba ta aje rariya ta gaya mishi abin da ta ɗauka da inda ta kai. Ya ce ba komi, kaset guda ne, Allah shi raya abin da anka samu.

"Ba ka gane ba," in ji Biba. "Goggo ta faɗa gaban mata turmi biyu ne. In ka raba biyu ya koma turmi guda. Na maida ma Altine abinta daidai ke nan."

Ko namiji ya san mi wanga ke nuhi. Mace in ta maido miki abin da kinka kai mata ba ƙari, ta gaya miki ƙawance ya ƙare.

"To a bar kaset yadda shike," ya ce, "in rage akwatin kaɗai."

Na yi tari. Na gaya mishi sauran abin da na faɗa, ban rage ko kalma ba.

"Goggo, wa ya aike ki?"

"Bakina."

"Ba za a rage ba, kinka ce. Gaban mata nawa?"

"Waɗanda tsakar gidan Mushe ta ɗauka. Da waɗanda ke leƙe ta katanga."

Ya kalle ni, ya kalli matarshi. "Kun san abin da kunka yi? Wuri kunka kama mini a kamiyo."

Biba ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "In ka rage, ni da hita biki a garin ga har abada. Goggo ma ba mai sake miƙa mata kaya ta ɗaga. Kai ke da butik, ka yi yadda ka gani."

Ya daɗe zaune shina juya allin nan har yatsunshi sunka yi fari. Daga baya ya jefa shi aljihu ya hita. Washegari kuɗin da ke allon butik bai motsa ba. Amma da la'asar an gan shi a tasha shina magana da Tsoho, direban kamiyon da ke kai 'yan bida, shina cewa a aje mishi wuri. Kwana biyu hura ba ta yi mini daɗi ba. Isaka kau ya sake ragewa.

Cikin makon na shiga gidan Mushe da tallan kayan jarirai. Altine ta ja ni ɗaki ta saki labule.

"Goggo, ba shi shiga."

"Mi?"

Ta nuna mini. Ga farin akwatin da mijinta ya saya wurin Isaka, ga kaset ɗin Biba, bakin ya ƙi karɓa. Sun juya shi gaba, sun juya shi baya. Uwarta, wadda ta zo daga Buza zaman jego, ta ce a ba ta wuƙa ta ɗan sassaƙe shi, da ƙyar anka hana ta.

Kun ga inda Altine ta shiga. Kayan biki ba a maida shi. Ba a kuma cewa ba shi da amfani, don zagin mai kawowa ne. Ga ta mai jego, ba ta hita, kullum mata na shigowa barka, kuma duk wadda ta zauna sai ta ce a sa musu kajin Biba su gani. Ta ce jariri na barci. Ta ce kuran ya ɗauke. Har matar wani jandarma ta ce, "Ikon Allah, gidanku kaɗai kuran ke ɗaukewa? Ga firijinku shina ta gurnani."

"Mi zan yi, Goggo?"

Na ce, "Ni dillaliya ce, ba malama ba. Amma mai jego in ta ce ranta na son abu, ban taɓa ganin mijin kirki ya hana ba."

Abin da ta gaya ma Mushe shi kaɗai ne ban ji ba cikin labarin ga, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙari. Na dai san bayan kwana biyu da hantsi ina zaune a butik ɗin Alƙasim ina hutar da ƙafa, sai ga mobilet ta tsaya. Mushe Jima mutum ne mai son bayani. Ya gaisa, ya zauna, ya yi ma Alƙasim darasi mai tsawo: ga kuɗin Isaka, ga nashi, ga yadda naira ke tahiya, ga dalilin da ya sa a ko'ina cikin duniya mai arha ke korar mai tsada. Alƙasim shina ta cewa haka ne, Mushe.

"To ka rage mini," in ji Mushe.

"Wallahi Mushe, da zan iya da na rage. An hana ni."

"Wa ya hana ka? Ba kai ke da kayan ba?"

"Gida."

Mushe ya cire tabarau ya goge. "To," ya ce, "ni ma gida ta aiko ni." Ya biya cur, ya ɗaure baƙin kwali inda ya taɓa ɗaure fari.

Da marece sai da na je na gani. Ɗakin Altine ba wurin aje ƙafa. Kaji na bisa katanga suna sakin ƙwai, matar jandarma ta kama muciya da hannu biyu kamar mai tuƙa tuwon suna, ƙwai na ta fashewa, mata na ta ba ta shawara kowa da tata. Sai tsohuwar Buza ta ce a ba ta. Hannun da ya saba da mazari ne, da yatsa biyu ta riƙa, ko ƙwai guda bai taɓa ƙasa ba har kajin sunka haukace. Ni ma na gwada. Ba ni faɗin yadda ta kaya, muciyar ce ba ta da kyau.

Ku tuna lokacin kaka ne, rumbu ya cika, aure da suna kowane mako. A biki na gaba sai ga matar jandarma ta miƙo mini ɗan ƙunshi, na kwance, kaset ne na Ɗan Abijan, mai tseren mota. A na bayanshi guda biyu sunka hito. Mata sun gano abin da ke gare shi: ba shi koɗewa kamar atamfa, ba shi fashewa kamar tangaran, shina shiga gehen zane, kuma kuɗinshi na jiya shi ne na yau, wadda ta kai ta san abin da za a maido mata. Gidan da anka kai kaset kau sai akwati ya bi shi, don abin da ya samu Altine ba wadda ke son shi same ta. Maza sunka riƙa tsallako gudoro suna zuwa wurin Alƙasim huska a murtuke. Wasu ma suna da farin akwati a gida, amma sunka zo. Wata Hajiya can bayan kasuwar dabbobi, gidanta ko kuran babu, ta sa anka sayo mata ta jera shi cikin kwanonin ɗakinta.

Sau ɗaya wata ta kawo kaset ɗin Ɗan Ikko wurin biki. Amarya ce baƙuwa, ba ta san gari ba. Na ɗaga shi, na juya, na ce, "Ɗiyata, wane kuɗi zan faɗa? Na kasuwar da ta wuce, ko na yau da sahe, ko in jira la'asar?" Anka yi dariya har da masu riƙe ciki. Daga baya na kai mata ɗan turare na ba ta haƙuri, yarinya ce mai kirki. Amma daga ranar ba wadda ta sake kawowa.

Isaka da ya ga ciniki ya juya, sai ya yi abin da ya sani, ya ƙara ragewa. Kowane ragi kau ƙara nisanta shi da tabarmar biki shike. Ya tare ni bakin gudoro.

"Amaryata, ke ce kinka kashe ni."

"Ni? Ina tsohuwa ina kashe ƙato?"

"Nawa rabin kuɗin nashi ne. Rabi. Ki gaya mini wace irin kasuwa ce wagga."

"Ba kasuwa ba ce, mijina, biki ne. Kai kana saida ma mai aljihu, shi kau mai aljihu aike shi anka yi."

Ya yi ƙwafa ya ce zai sake ni. Na ce shi fara biyan sadaki.

Kar ku ce Isaka ya faɗi. Ya kwashi fararen akwatunanshi ya kai Keita, inda ma'aikatan furoje, babban aikin gyaran ƙasa, sunka taru, samari da gwauraye, kowa da ɗan ɗakinshi da 'yar tele mai batirin mota. Can ba wanda ya tambayi komi sai nawa ne. Kasuwa biyu ya saida su tas, ya dawo shina taƙama. In ka tambayi mutanen Keita za su ce maka mai arha ke ci, kuma ba su yi ƙarya ba. Gwauro ba shi biki.

Saura Alƙasim. Kwalaye sun kusa ƙarewa, kaset ma saura kaɗan, amma wurinshi a kamiyo shina nan bai saki ba. Ana gobe tashi na shiga gidan na tarar da jakarshi a ƙofar ɗaki, Biba na zaune da cikinta tana tsince wake, ba ta kallon kowa. Tsoho direba shina zaure shina jiran magana.

"Mi nike gani?" na ce.

"Goggo, haukan mata ne, zai wuce," in ji Alƙasim. "Kaka ta ƙare, biki zai ragu. Abin da na samu zai kai mu tsakiyar rani, ba zai kai mu damina ba. In na zauna ciniki ya mutu, kamiyo ya riga ya tahi. Gara in je in yi wata huɗu in dawo."

"Ka dawo ka ji suna a bakin Tsoho."



Na zauna bisa turmi na ce shi matso. "Kai ka san kwali, ni na san gari. Aure ne ke bin kaka. Haihuwa ba ta san kaka ba." Sai na fara mishi daga bakin tasha. Matar ɗan duwan mai jar mota, wata biyu ke nan ba ta shan hura da nono. Matar mai magani ta sa na nemo mata zane mai faɗi. Gidan Alhaji mai albasa, ɗiyarshi ta dawo goyon ciki, surukarshi ma ta fara kumburin ƙafa. Matar sabon malamin lakkol ta ce zazzaɓi ne, ni kau na ga zazzaɓin da ke sa mace cin ƙasa. Na bi mishi unguwa-unguwa har bayan asibiti, gidajen da ke da tele kaɗai na taɓa. "Kowace cikinsu tana da ƙawaye," na ce, "kowace ƙawa an kai mata kaset guda, biyu za ta maido. A ina za ta saya?"

Biba ta bar tsintar wake. "Goggo, matar mai magani ma? Jiya muna tare ba ta gaya mini ba."

"Ita ma ba ta gama sani ba."

Alƙasim ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kahin Isaka shi kawo kayanshi. Ya tsaya shina lissahi, leɓɓanshi na motsi. Sannan ya tashi ya nuhi zaure, ni kau na bi shi har bakin zana, don kunnena ba shi jin nesa.

"Tsoho, ka ba wani wurina," ya ce. "Amma akwai saƙo. Zan ba ka kuɗi da sunan wani mai shago a Abijan. In za ka juyo ka taho mini da kaset, duk irin da ka samu. Mai kaji ka yawaita."

"Akwati hwa?" in ji Tsoho.

"Akwati kaɗan. Kaset dai."

Kamiyo ya tashi da sahe, Alƙasim na tsaye ƙofar butik shina ɗaga ma abokanshi hannu.

Biba ta sauka cikin bazara, mace. Kaset nawa anka tara mata da marece ran suna, ku tambaye ta, ni dai hannuna ya gaji da ɗagawa, kuma dukansu daga butik ɗin mijinta anka sayo su. Abin da na riƙe na sahe ne. Maza sun fara taruwa ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, liman bai iso ba tukuna. Ina tsakar gida ina rabon goro a faifai sai ga Alƙasim ya shigo da sabuwar riga, kafaɗa guda sama guda ƙasa, shina ta zuhwa. Ya ja ni gehe ya rage murya.

"Goggo, uban ɗiya ina shike zama?"

"Kamar yaya?"

"Na je sunan mutane da yawa, amma can baya nike zama. Ban taɓa lura ba. Kusa da liman ne, ko wurin rago? In an tambayi sunan ni ke faɗa, ko Baba Manzo?"

Baba Manzo ƙanen ubanshi ne, shi ya tsaya mishi sau biyun da sunka wuce. Na aje faifai na gyara mishi wuyan riga.

"Ka zauna kusa da Manzo. Liman zai sunkuyo, kai za ka raɗa mishi. Kar ka ɗaga murya, shi ne mai faɗa ma jama'a."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In an shafa fatiha ka tashi ka yi ta karɓar hannu."

Ya maimaita sunan a bakinshi sau biyu, a hankali, kamar mai tsoron shi zube. Daga waje anka ce liman ya iso. Ya hita da sauri har ya bar takalmi ɗaya, na bi shi da shi har zaure.